Waɗanne Kalmomi Ne Suka Fi Yawa A Hirar Waya?

Tambaya: Malam, ina koyon Turanci. Jarida ina karantawa ba laifi, amma da zarar an kira ni a waya sai kaina ya ɗaure. An ce mini akwai 'yan kalmomi da su ake ta maimaitawa a hirar waya. Waɗanne ne? In na haddace su, zan riƙa gane abin da ake faɗa?

Amsa: Abin da aka gaya maka gaskiya ne, Malam, an zauna an ƙirga. A hirar waya ta Turanci kalmar da ta fi kowace fitowa ita ce "I", wato ni. A bayanta akwai "you", "and", "the", "that", "it", "to", "a" da "of", sai "yeah", "uh" da "know" da ba su yi nisa da sahun gaba ba. Jerin yakan ɗan sauya daga wannan bincike zuwa wancan, wata ta hau wata ta sauko, amma su ɗin ne dai su. Ka lura babu sunan abu ko ɗaya a cikinsu. Babu kuɗi, babu gida, babu aiki. Kalmomin da suka cika waya aikinsu riƙe mutum biyu ne da ba sa ganin juna, labarin kansa kuwa wasu kalmomi ne daban ke ɗauke da shi. Shi ya sa kashi na biyu na tambayarka ya fi na farko nauyi, kuma zan zo kansa.

Ƙirgar farko da har yau ake komawa gare ta a Amurka aka yi ta. A 1930 wasu ma'aikatan kamfanonin tarho na Bell su uku, French da Carter da Koenig, suka wallafa sakamakon sauraren kiraye-kirayen nesa da ke shiga birnin New York. Ba nazarin harshe ne ya kai su ba. Injiniyoyi ne, suna son sanin sautukan da suka fi bi ta cikin waya domin a riƙa gwada ingancin layi da irin maganar da mutane ke yi da gaske. Mai sauraro da hannu yake rubutawa, a wani zagaye sunaye kaɗai, a wani zagayen aikatau kaɗai, har aka tara kalmomi kusan 80,000. Da aka tace su, sai ga shi kalmomi mabambanta 2,240 ne kacal ake ta jujjuyawa. "I" da "you" su biyu sun cinye kusan kashi ɗaya cikin goma na jimlar, kalmomi talatin na sama kuwa sun kwashe kusan rabi. Abu biyu ya kamata a riƙe game da wannan aikin. Yawancin kiran na kasuwanci ne, don haka sunayen da suka yi yawa irin na 'yan kasuwa ne. Sannan an ware sunayen mutane da lambobi da 'yan ƙananan sautukan motsin rai, ba a sa su cikin lissafi ba. A ganina wannan warewar ta zubar da abin da ya fi komai ban sha'awa, amma su abin da suke nema daban ne.

In kana son ka ga bambancin, ɗora wannan kusa da rubutu. A Jami'ar Brown, Kučera da Francis sun tara kalmomi miliyan ɗaya daga abin da aka buga a Amurka a 1961. A can "the" ce a sama da kusan kashi 7 cikin ɗari, sai "of", sai "and". "I" ba ta bayyana sai wajen ta ashirin. Rubutu yana magana ne a kan abubuwan duniya, don haka kalmomin da ke raka suna su ne kan gaba. Waya kuwa ni da kai ne. Kai da ka saba da jarida, Turancin da idonka ya saba da shi daban ne da wanda kunnenka ke karo da shi.

Shekara sittin bayan aikin Bell aka sake yin abin da na'ura, kuma da yardar masu maganar. Tsakanin 1990 da 1991 kamfanin Texas Instruments ya naɗi hirar waya kusan 2,400 daga bakin mutum 543, tsawon awa 260 ko kusa da haka, kalmomi wajen miliyan uku. Switchboard ake kiran wannan taska. Kwamfuta ce ke haɗa mutum biyu da ba su san juna ba, ta ba su batu ɗaya daga cikin batutuwa kusan 70, su yi ta hira. A wannan karon an rubuta komai, har da in-ina da dariya da maganar da aka faro aka watsar. "I" ta sake zama a sama. Steven Greenberg, wanda ya jagoranci nazarin wani ɓangare na taskar a birnin Berkeley na Amurka, ya nuna cewa kalmomi goma na farko sun ɗauki kusan rubu'in dukkan abin da aka faɗa, ɗari na farko kuma kusan biyu bisa uku. Kusan dukkansu masu gaɓa ɗaya ne. Zamani ya sauya, masu magana sun sauya, batun hira ya sauya daga ciniki zuwa dabbobin gida da haraji da renon yara, amma saman jerin bai motsa sosai ba.

Dalilin yana cikin karin maganar nan tamu: labarin zuciya a tambayi fuska. Waya ta ɗauke fuskar. Idan kuna zaune tare, mai sauraro yana aiki da idonsa da kansa. Ya gyaɗa kai, ya ɗaga gira, ya ɗan yamutsa fuska, kai kuma kana gani kana gyara maganarka a kan haka. A waya duk wannan aikin baki ne zai yi shi. Gyaɗa kai ya koma "mm", ɗaga gira ya koma "kai!", kallon da ke nuna ana tare ya koma "na'am" da "ina jin ka". Masanin harshe Victor Yngve ne ya ja hankali kan wannan a 1970, ya ce a kowace hira hanya biyu ce ke buɗe lokaci guda: babbar hanya ta mai magana, da ƙaramar hanya ta baya wadda mai sauraro ke aiko da alamar yana nan. Da aka bi hirarrakin Switchboard fiye da dubu ɗaya aka rarraba kowane furuci bisa aikinsa, an samu kusan kashi 19 cikin ɗari irin waɗannan alamu ne, su "uh-huh", "yeah" da "right". Wato kusan furuci ɗaya cikin biyar ba ya ƙara komai a labari, yana cewa ne kawai ci gaba, ina tare da kai.

Kada ka raina su. Gwada yin shiru tsit na sakan biyar yayin da wani ke ba ka labari a waya, za ka ji ya tsaya ya ce "halo? kana ji na?" Injiniyoyi ma sun san da wannan. A tsarin GSM na wayar hannu, idan ka yi shiru wayarka takan daina aika sauti don tattalin batir da hanyar iska, sai wayar wancan ɓangaren ta ƙirƙiro wani ɗan "shuuu" mai laushi ta sa a kunnen mai saurare, don kada ya zaci layi ya yanke. Mutum ba ya jure shirun da ba ya ganin mai shi.

Bari mu dawo harshenmu, don abin ya fi fitowa fili a kunnen da ya saba. Ga misalin kira da na tsara, irin wanda kowa ya sha ji, yaya ne ya kira ƙanwarsa:

Ƙanwa: Halo, Yaya.
Yaya: Salamu alaikum.
Ƙanwa: Wa alaikumus salam, ina wuni?
Yaya: Lafiya lau. Kina ji na?
Ƙanwa: Eh, ina jin ka.
Yaya: To, dama kan maganar nan ne.
Ƙanwa: Na'am.
Yaya: Na yi magana da shi, ya ce sai Laraba.
Ƙanwa: Laraba?
Yaya: Eh, Laraba, da safe.
Ƙanwa: To. To, shi ke nan.
Yaya: Ke dai ki shirya kawai.
Ƙanwa: To, Yaya, in sha Allah. Na gode.
Yaya: To, sai an jima.
Ƙanwa: To.

Kalmomi 61 ne. Sabon labarin da ya sa aka yi kiran kalma uku ne: Laraba da safe. "To" ta fito sau shida, kuma kowane karo da aikin da take yi. Ta farko ta rufe gaisuwa ta buɗe abin da ya kawo shi. Ta biyu ta karɓi labarin. Ta uku, wadda ta zo da "shi ke nan", tana nuna ita ba ta da sauran magana. Ta huɗu biyayya ce ga umarnin yayanta. Ta biyar shi ke neman a rufe, ta shida ita ta amince. Wanda yake koyon Hausa zai duba ƙamus ya ga ma'anar "to" a layi ɗaya, ya ɗauka ya gama da ita, alhali bai fara ba. Ka kuma dubi "maganar nan" da "shi". Ba a faɗi wace magana ba, ba a ambaci sunan kowa ba, domin su biyun sun riga sun sani. Haka wakilan suna ke cinye gurbin sunaye a hira, kuma wannan ne dalili na biyu da ya sa suke saman jeri.

Sai dai in za a yi wa Hausa irin wannan ƙirgar, siffar jerin ba za ta zo daidai da ta Turanci ba, saboda ginin harshen daban ne. Bature yana da "I" guda ɗaya da yake sawa a gaban kowane aiki. Mu tamu ta rarrabu bisa lokaci: na zo, ina zuwa, zan zo, in zo, ban zo ba, ni ne, da nake zuwa. Wanda ake magana da shi ya fi haka rarrabuwa, tunda muna bambanta namiji da mace da jam'i: ka, ki, kin, kai, ke, kana, kina, ku, kun. Mai ƙirga in bai tattara su gida ɗaya ba, zai ga kowace ta sauko ƙasa, ya zaci Bahaushe ba ya yawan cewa ni da kai. A gefe guda kuma akwai waɗanda rubutun boko ya haɗe su alhali ba ɗaya ba ne, tunda ba ma sa alamar karin sauti ko tsawon wasali. "Da" ta "ni da kai" da "da" ta "a zamanin da" haruffa ɗaya ne, kalmomi daban. "Na" ta "na gode" daban take da ta "na Yaya ne". Kwamfutar da ke ƙirga haruffa za ta kumbura waɗannan ba bisa ƙa'ida ba. Sannan ga 'yan ƙananan kalmomin nan shida da masu nahawun Hausa ke ware musu babi, fa, dai, kuwa, kam, ma da kuma, waɗanda ke yi wa magana abin da fuska ke yi mata. "Ka zo" da "ka zo fa" da "ka dai zo" umarni ɗaya ne da fuska uku. Inda babu fuskar gani, nauyin yana komawa kansu.

Farkon kira da ƙarshensa su ne wuraren da kalmomi suka fi maimaituwa, domin kusan a tsare suke. Emanuel Schegloff ya nazarci buɗewar kira kusan 500 ya wallafa a 1968, ya lura da abin da kowa ke yi ba tare da ya kula ba: wanda aka kira shi ke fara magana, alhali bai san me ake nema ba. Bayaninsa shi ne ƙarar wayar ita ce maganar farko, kamar kiran suna, "halo" kuma amsa ce. Daga nan sai gane juna, sai gaisuwa, sai tambayar lafiya, kafin a shiga dalilin kiran. Kalmar amsawar kowace al'umma da tata. Thomas Edison ne ya ba da shawarar "hello" a wata wasiƙa a 1877, shi kuwa Alexander Graham Bell "ahoy" ta matuƙan jirgin ruwa ya fi so. A Italiya "pronto" ake cewa, a Japan "moshi moshi", a Sin "wei", a Meziko "bueno", a Holan da Jamus kuma al'adar wayar gida ita ce mutum ya faɗi sunansa. Rufewa ma Schegloff da Harvey Sacks sun yi rubutu a kanta a 1973. Ba a katse waya haka kawai. Sai ɗaya ya jefa kalmar da ba ta ɗauke da komai, "well" ko "okay", ya ba ɗan'uwansa damar kawo sauran magana in akwai. In shi ma ya mayar da irinta, to an yarda a yi sallama. "Okay" tana samun yawanta ne daga nan, kamar yadda "to" da "shi ke nan" ke samu a wurinmu.

Wayar hannu ta taɓa wannan tsarin ta wuri biyu. Suna yana fitowa a fuskar waya, don haka "wa ke magana?" ta ragu tsakanin waɗanda suka san juna, shi ya sa ƙanwar nan ta fara da "Yaya". Sannan tambayar da ba ta da ma'ana a wayar girke, "kana ina?", ta zama ruwan dare. Jerin 1930 da na 1991 duk na wayar girke ne, ka sa wannan a lissafinka.

Yanzu ga kashi na biyu. Haddace kalmomi ɗari na sama yana da amfani, amma shi kaɗai ba zai sa ka gane hirar waya ba, kuma ina kyautata zaton ka riga ka san kusan dukkansu tun daga ajin farko. Dalilai uku ne.

Na farko lissafi ne. George Zipf na Jami'ar Harvard ya nuna tun shekarun 1930 cewa a kowane harshe 'yan kalmomi kaɗan ne ke fitowa da yawan gaske, sauran dubbai kuma jefi-jefi. Jin cewa kalmomi ɗari sun rufe biyu bisa uku na magana yana da daɗi, amma sulusin da ya rage a cikinsa labarin yake: sunan mutum, rana, adadi, wuri, sunan cuta, sunan kaya. Ƙananan kalmomin kamar laka ne tsakanin tubala, su ke riƙe ginin amma ba su ne ɗakin ba. A misalin da na kawo, wanda ya gane sauran kalmomin duka ya rasa "Laraba da safe" bai ji komai ba.

Na biyu shi ne wanda nake ganin ya fi damun ka. Kalmar da aka fi faɗa ita aka fi tauyewa. Greenberg da abokan aikinsa sun zauna sun rubuta sauti bayan sauti na kusan awa huɗu daga Switchboard, suka samu "and" ta fito da lafazi fiye da 80 mabambanta, "that" kuma fiye da 100. Sau da yawa "and" ba ta wuce "an" ko "n" kawai ba. Kai ka koyi kalmar a cike a kan takarda, kunnenka yana jiran ta a cike, sai ta wuce a guntule ba ka gan ta ba. "I don't know" takan narke ta koma sauti ɗaya mai hawa da sauka, "going to" ta zama "gonna", "did you" ta zama "dija". Mu ma haka muke yi wa baƙi: "na gaya maka" ta koma "na gaya ma", "na ce masa" ta koma "na ce mai", "ba ni da shi" ta koma "ban da shi". Don haka abin da za ka horar kunne ne, kuma da dunƙulallun furuci za ka horar da shi. "Know" ta hau sama ne saboda "you know" da "I don't know". "Mean" da "think" suna hawa a bayan "I mean" da "I think". Waɗannan ka koye su a matsayin abu guda, ka kuma san cewa yawanci "you know" ba tambayarka ake yi ko ka sani ba, ana dai jan ka ne cikin maganar, kamar yadda muke cewa "ka gane" ko "ka san dai".

A nan ya kamata in tsaya kan "uh" da "um", don masu koyo sukan ɗauke su shara. Herbert Clark da Jean Fox Tree sun kawo hujja a 2002 cewa alamu ne masu aiki: "uh" tana sanar da ɗan jinkiri, "um" jinkiri mai ɗan tsawo, dukkansu kuma suna cewa kada ka karɓe, ban gama ba. "Uh-huh" kuwa kishiyarsu ce, tana cewa ci gaba, ba zan karɓa ba. Da kamfanin Microsoft ya sanar a 2016 cewa na'urarsa ta kai kuskuren kashi 5.9 cikin ɗari a gwajin Switchboard, daidai da ƙwararrun masu rubuta magana, ɗaya daga cikin kura-kuran da suka bambanta ta da mutane shi ne rikita "uh" da "uh-huh". In na'ura mai horon dubban awowi tana tuntuɓe a nan, ba abin kunya ba ne mai koyo ya yi. Akwai kuma "mm-hm" ta amincewa da "uh-uh" ta ƙi, bambancinsu ɗan kari ne da ɗan tsayawar maƙogwaro, kuma rikita su yana iya juya ma'anar kira gaba ɗaya.

Na uku wayar ce kanta. Layin tarho na gargajiya yana ɗaukar sauti ne daga 300 zuwa 3,400 Hz kawai (Hz ma'aunin kaifin sauti ne), ya yanke abin da ke sama da ƙasa. Wasula suna tsira, amma kaifin da ke bambanta "s" da "f" yawancinsa sama da nan yake. Sabbin hanyoyin kira masu faɗi suna kaiwa wajen 7,000 Hz, shi ya sa wani kiran intanet ya fi na layi fitowa tar. Abin lura shi ne ƙananan kalmomi ba sa shan wahalar wannan yankewar sosai, tunda kunne yana cike gurbinsu da hasashe. Waɗanda ke shan wahala su ne sunaye da lambobi, inda babu abin da zai taimake ka ka yi hasashe. "Fifteen" da "fifty" sun sha jawo asara. Saboda irin wannan ne harkar jiragen sama ta tsayar da haruffan Alfa, Bravo, Charlie a 1956. Ga kuma jinkirin layi. Binciken da Tanya Stivers da abokan aikinta suka yi a harsuna goma a 2009 ya nuna tsakanin tambaya da amsa mutane kan bar kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan ne kawai. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, tana ba da shawarar jinkirin tafiyar murya kada ya wuce milisakan 150, wato kashi 150 cikin dubu na sakan, in ana son hira ta tafi sumul. Da ya wuce haka sosai sai a fara cin karo, kowa ya faro lokaci guda, kowa ya ja baya, sai "yi haƙuri, ci gaba" ta yawaita.

To me za ka yi? Ni shawarata ka juya jerin, ka koye shi a matsayin mai saurare kafin mai magana. Ka mallaki 'yan kalmomin nuna kana tare, "yeah", "right", "okay", "I see", ka riƙa jefa su a inda mai magana ya ɗan numfasa. Wannan kaɗai yana sa wancan ɓangaren ya saki jiki, kai kuma ya ba ka lokacin tunani. Amma kada ka ce "okay" a kan abin da ba ka gane ba, don shi zai ɗauka an gama da wannan.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne kalmomin gyara. Mark Dingemanse da abokan aikinsa sun bi hirarraki a harsuna goma sha biyu suka samu ana neman a maimaita ko a fayyace magana kusan sau ɗaya a kowane minti ɗaya da rabi, kuma tsakanin masu harshe ɗaya ke nan, ido da ido. Neman maimaici ba alamar rauni ba ne, haka hira take tafiya. Sun rarraba shi gida uku. Akwai buɗaɗɗe, irin "huh?" ko "sorry?", wanda ke cewa ban ji komai ba, kamar namu "iye?" ko "na'am?". Akwai mai nuna gurbi, irin "who?" ko "when?". Akwai kuma wanda kai kake mayar da abin da ka ji don a tabbatar, kamar yadda ƙanwar ta ce "Laraba?". Sun lura mutane sun fi zaɓar mafi takamaimai da za su iya, don shi ya fi sauƙaƙa wa mai amsa. Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne su tsaya a na farko, su yi ta "sorry?" har wancan ya maimaita dogon zancen duka da irin saurin da ya yi a baya. In ka ji rabi, mayar masa da rabin ka bar gurbin abin da ya ɓace: "Tuesday at what time?" Zai ba ka kalmar da kake nema ita kaɗai, a cike kuma a hankali.

Lamba kuwa ka riƙa mayar da ita ɗaya bayan ɗaya, "one five" maimakon "fifteen". Suna ka nemi a jero maka haruffansa. Wajen horar da kunne, ka bar labaran rediyo na ɗan lokaci, don rubutu ne ake karantawa da murya, "the" da "of" ne a samansa kamar jarida. Nemi hirar da mutum biyu ke yi ba tare da takarda ba, musamman shirye-shiryen da masu sauraro ke bugo waya. Ɗauki minti ɗaya kawai, ka saurara sau da yawa, ka rubuta duk abin da ka ji har da "uh" da maganar da aka yanke, sannan ka gwada da rubutaccen in akwai. Wuraren da ka bari fanko, za ka tarar yawancinsu kalmomin da ka sani ne tun tuni, kuma a kansu za ka maimaita sauraron.